Goma Sha Ɗaya

Goma sha biyu ne suka zo hannun Baba Mantau
a gwangwanin shayi mai tsatsa a murfi,
ranar da kamfanin kuza ya rufe ƙofa a Bukuru
aka sallami masu gadi.
Wani ya samu keke, wani agogon bango,
shi ya samu bindiga mai baki biyu da takardarta
da kwanson harsashi na tagulla.

Yakan ce, Kubura, kwanson roba ɗan zamani ne,
harbi ɗaya ya mutu, a bar wa akuya ta tauna.
Wannan kuwa ya je ya dawo,
sai dai ya dawo a kumbure
kamar kuncin mai ciwon haƙori,
ya ƙi shiga bakin da ya fito.
To, nan ne wahala.

Daren Alhamis bayan lisha, sanyi na cizon kunne,
ya shimfiɗa buhu a zaure,
ya fito da zoben ƙarfen da Arzika ya ƙera masa a Dilimi.
Man kaɗe a yatsa, shafa ɗaya,
ya dasa kwanso a bakin zobe
ya bi shi da gudumar katako,
ƙwas, ƙwas, ba da fushi ba,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai.
Ni aikina riƙon fitila.

In zai buɗe kwalbar albarushi sai ya ce, hure ta,
wuta ba ta san jika da kaka ba.
Mu koma hasken tocila.

Ɗan cokalin awonsa bai taɓa yin tozo ba.
Ya yanko kwalin sukari ya danna,
ƙwayoyin dalma su gangara kamar gero a mudu,
ya rufe da kakin zuma,
ya ɗaga, ya juya, ya kalla.

Da asuba sai Zawan, gonar Dachung,
inda birai ke saukowa daga duwatsu
su yi wa masara aski, su tone dankali.
Harbi ɗaya a sama, su watse.
In an yi sa'a, makwarwa biyu,
ɗaya ta matar Dachung, ɗaya ta Inna,
su rabu a bakin titi ba lissafi, ba matsala.

Shekarar da hayaƙi ya rufe garin nan
samari huɗu suka shigo da dare,
idonsu ja, muryarsu ƙasa-ƙasa:
Baba, ara mana ita.
Ya zazzage gwangwanin a gabansu.
Ku gwada, ya ce, duk sun kumbura.
Suka tura, suka danna, ko ɗaya bai shiga ba,
suka fita suna tsaki.
Ni na san Alhamis uku ya tsallake da gangan,
na san zoben na ƙasan tulun Inna
ƙunshe a tsohuwar hula.

Na sha biyun ya tsage ne daga baki, wata damina.
Ya riƙe shi ya daɗe, ya ce, shekara talatin,
ko jaki ne ai ya kwanta.
Ya goge shi, ya yi masa murfin kara,
ya ba Inna ta zuba kwalli.
Ta ce, ka ga tsohon banza, sai yanzu ka tuna toshi?
Tana dariya, tana share ƙwalla.

Bindigar mun miƙa wa hukuma bayan sadakar bakwai,
aka rubuta, aka buga hatimi.
Dachung ya zo da sanda, ya zauna a zaure,
bai ce komai ba har aka kira salla.

Goma sha ɗaya na nan a gwangwaninsu.
Lemon tsami da toka nake bi da su,
ba komai a cikinsu sai iska.
Jiya ɗana ya hura ɗaya, ya yi ƙara siririya,
ya ce, Mama, usur ne?
Na ce, ƙila.