Kwaɗon da Ba Ya Kuka

Kwaɗo na saya a Sabon Gari,
baƙi, mai nauyin rabin bulo,
da sarƙa kaurin babban yatsa.
Mai shago ya buga shi a kan kanta, ya ce
ko zarto sai ya zubar da haƙora.
Na ƙirga kuɗi, ban nemi ragi ba.

Ran Litinin, a bakin Kwari,
na ɗaure Ralina a turken wuta
kamar ragon layya,
na shige rumfa awon yadi,
har la'asar ban leƙo ba.

Da na fito, ga keke tsaye,
ga kwaɗo zaune, baki gum,
amma inda sirdi yake
sai bututu yana kallon sama.
Kwaɗon fadama, ko kare ya gifta, sai ya yi kuka;
nawa an kwance kaya a gabansa
bai ce uffan ba.

A tsaye na tuƙa har Kurna,
gwiwa na ƙara, zufa har ido.
Wani ɗan adaidaita ya leƙo:
"Malam, basir ne?"
Ban tanka ba.

Sati biyu, sai ƙafar gaba.
Noti biyu ne da sifana,
alwala ma ta fi shi cin lokaci.
Keken da ya ɗauke ni shekara tara
ranar ni na saɓa shi a kafaɗa.
Ashe bashi ne, ban san ana bi na ba.

Sammani mai gyara, a gindin darbejiya,
ya zazzage gwangwanin madara,
ya tsamo wasu notuna.
"Kansu kusurwa biyar ne,
sifanar kasuwa sai dai ta zame.
Makullinsu ɗaya tal, ga shi, kamar ɗan kunne.
In ka yar, kada ka ce ban faɗa ba."

Kuma sun yi aiki, a faɗi gaskiya.
Wata huɗu cur.
Sau uku ina tarar da cizon filaya a kan noti,
fenti ya kwarzane,
wani ya yi gumi ya tafi hannu rabbana.
Nakan shafa tabon in yi murmushi
kamar ni na yi damben:
an taɓa, ba a ɗauka ba.

Sai ranar da tayar baya ta yi bindiga
a Ƙofar Mazugal, rana tsaka.
Dole a cire ƙafa a sa sabuwa.
Na laluba aljihu: goro, carbi, ɗari biyar.
Makulli na cikin rigar da Hansatu ta jiƙa da safe.
Na tsaya gaban kekena kamar baƙo,
noti na kallo na,
bai gane ni ba.

Yaron mai faci, ɗan tsurut da shi,
ya ɗauko cizal da guduma,
ya kafa a gefen notin,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
sai ga shi yana juyawa.
Na ce, "Kai, a ina ka koyi wannan?"
Ya ce, "Ɗari biyu ne, Baba."
Bai ɗago kai ba.

Sirdin kuwa na gan shi a Ƙofar Ruwa,
na shaida ɗinkina na jan zare.
Na taya, aka ce albarka,
na ƙara, na sayi abina.
Ban tambayi wa ya kawo ba.

Kwaɗo na nan har gobe, notuna ma na nan.
Jinkiri kawai suke saya mini,
minti biyar, wataƙila goma,
mai gaggawa ya wuce keken wani.
Sirdi kuma a hammata nake shiga da shi rumfa
in aza kan bandir ɗin shadda.
Sannan kullum sai na zauna wurin Baba Cindo,
in sha shayi ko ba na so,
in bar masa canji,
don teburinsa na duban turken wuta,
shi kuwa ido,
har yau ban ga sifanarsa ba.