Miƙo Min Adaka

Attayibu, jingine wannan abin a zaure,
kada ka shigo min da shi ɗaka.
Tun daga bakin masallaci na hangi ƙyallinsa.
An ce talatin yake haɗiyewa a zama guda,
ba ya tari, ba ya hayaƙi, raɓa ba ta hana shi magana.
To, madalla.
Miƙo min adaka.

Ka gan ta? Barmo maƙeri ya ƙera ta nan Maiurno,
shekarar da kogi ya cinye albasar kakarka.
Bututun daga gawar wata lori ya zaro shi,
ƙotar kuwa ƙirya ce, ni na sassaƙe ta da gizago.
Wannan tsagar da ka ga na ɗaure da fatar damo,
faɗuwa muka yi tare a gangaren Dindir,
ita ta tsage, ni na dawo da ɗingishi har shuka.

Da ina kamarka ni ma na raina ta.
Buhu shida na riɗi na kai kasuwar Sinja,
na dawo da mai baki biyu, mai jan harsashi,
daga baya har mai madubi a ka na rataya.
Rana ɗaya na zubar da zabi goma sha tara.
Bakwai muka ci. Sauran suka yi wari a buhu
kafin jaki ya kawo ni gida.
Har yau hancina bai manta ba,
na kashe abin da ban iya ɗauka.

Wannan kuwa ba ta san gaggawa ba.
Ka auna albarushi a tafin hannu,
ka tura tsumma, ka jefa dalma,
ka sa sanda ka yi ta dakawa kamar mai kirɓa fura.
Kafin ka gama, in fushi ne ya fito da kai
ya huce, ya koma gida ya bar ka.

Baki ɗaya gare ta, magana ɗaya.
Dole ka cire takalmi, ka tambayi iska inda ta dosa,
ka ja ciki cikin ƙaya
har ka ji gada tana tauna.
In ka samu, rabonka ne.
In ka kuskure, rabonta ne,
ta tafi da ranta, kai ka tsaya cikin hayaƙinka.

Kada ka ce ina yabonta don ba ta da aibi.
Tana harbin kafaɗa kamar jakin da aka hana dusa.
Da damina ta yi tagumi, sai an lallaɓa,
daidai da gwiwar nan tawa.
Shi ya sa muke shiri. Tare muka tsufa,
ta san idona ya rage, na san inda take karkata,
kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri haka.

Irin taka na ji muryarta, dare uku a jere,
daga hayin kogi, lokacin da mutane ke ɗaure kaya.
Ta yi ta zuba kamar ƙanƙara a kan kwano.
Da gari ya waye na tambaya,
ko fakara ɗaya ba a kai wa kowa gida ba.
Mata ne kawai suke kuka.

Gobe birai za su sauko wa dawa, ta fara nauyin kai.
In ka yi asuba, zo ka riƙe min gora.
Amma bari ka ji abin da ban gaya wa tsaranka ba:
shekara huɗu ke nan ban sa mata dalma ba.
Albarushi da tsumma kawai.
Ta yi tsawa, su watse, in zauna in yi dariya,
ƙamshin nan ya kama rigata har la'asar.
Jeka mayar wa mai shi abinsa,
ka dawo mu sha shayi kafin rana ta sauka.