Lamba ta Huɗu

Boakye ya ɗaura akwatin a bayan ƙofa,
ɗan fari, bai kai kwalin sukari ba.
Ya ce, "Hajiya, ba ya gyangyaɗi, ba ya neman na koko,
kuɗin kira kawai za ki riƙa zuba masa.
In an taɓa ƙofa yakan ƙirga talatin,
ko ke ce kika zo da lambar sirrinki.
In ya ji shiru, sai ya ɗauki waya da kansa."

Na ce, in an ɗauke wuta fa? Aboabo ce nan.
Ya ƙwanƙwasa cikinsa: batir, kwana guda cur.

Sai ya miƙo takarda da biro.
"Mutum huɗu. Jera su bi da bi,
wanda za a fara tasa, da mai bi masa."

Kekunan ɗinki shida na saya, ban yi gumi haka ba.

Ta ɗaya, ni.
Ta biyu, Sahadatu, in ba ta aikin dare a asibiti.
Ta uku, Atinga mai gadin layinmu,
wanda barcinsa ya fi kwaɗon ƙofata nauyi.
Ta huɗu, biro ya cije.
Lambar mai gidana ce ta zo bakin yatsa,
alhali shekara biyar yana kwance a Tafo,
inda ba a ɗaukar waya.
Boakye na duban agogo.
Na rubuta ta Mumuni don cike gurbi,
ƙanena, ciki ɗaya,
wanda ranar da muka raba gidan Baba a Asawase
muka haɗa da gaisuwa muka raba.

"Yanzu yi magana, daƙiƙa ashirin yake riƙewa."
Na gyara zama, na ce:
Barikisu ce. An buɗe shago. A taimaka a zo.
Da ya maido mini, sai na ji wata dattijuwa tana roƙo.
Ban san na iya ba.

Daren wata Talata ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya,
wuta ta tafi tun magariba,
wayata ta mutu a ƙarƙashin matashi.
Ta Sahadatu na kulle a durowa.
Atinga kuwa, Allah ya ba shi lafiya.

Sau uku-uku ya kira kowa.
Akwatin nan ba shi da zuciya:
ba ya cewa na kira ba a ɗauka ba,
ba ya tuna wa ya fara ɗaga wa wani murya,
ba ya jiran a fara kiransa.
Ya gama da uku, ya gangara ta huɗu.

Da asuba na sauko daga tirotiro,
na tarar da mutum a kan bencina, jiƙe sharkaf,
taɓarya a cinya, silifa wari da wari.
Ba ɓarawo ba ne, iska ce ta ɓalle tagar baya.
Ya lulluɓe kekuna biyar da leda,
na shida da rigarsa.

Bai dube ni ba ya ce, "Muryarki na ji.
Ina ta cewa, Yaya, ga ni nan zuwa,
ba ki saurara ba, kina ta maimaita taki.
Na ce lallai ke ce."

Ashe tara ake dannawa ya yi shiru.
Ban taɓa gaya masa ba. Yaushe?

Na aika a sayo koko da ƙosai.
Ba mu yi zancen gida ba.
Mun yi zancen taga, da tsadar ƙusa,
da furfurar da ta fito masa ban sani ba.

Da Boakye ya zo duba waya ranar Alhamis,
na tambaye shi a hankali
ko akwatin zai iya kiran ta huɗu
ba tare da an taɓa ƙofa ba.
Ya dubi wayar da ke hannuna, ya dube ni,
ya ci gaba da ɗaure kusoshinsa.