Waya Mai Ido Uku

La'asar sakaliya motar Gujungu ta sauke 'yan kasuwa.
Ina rumfata, wayoyi talatin na shan wuta
kamar awaki a bakin komi,
sai ga Baffa Ilu da kwali a hammata,
yana tafe yana waige
kamar wanda ya tsinci kuɗin wani.

Buhun riɗi guda ya tafi a kanta.
Ya ce, "Ɗan Tabawa, duba mini,
kada a ce kura na sayo da fatar akuya."

Na juya ta. Ido uku a ƙeyarta, sai ƙyalli.
Na toshe ɗaya da yatsa, hoto yana nan.
Na toshe na biyu, yana nan daram.
Na ce, Baffa, ɗaya ke gani,
biyun nan 'yan rakiya ne.
Ba don tsawon ƙaho ake sayen sa ba;
batir za ka tambaya,
shi ne ƙafar da ke jan garma.

Kada ta kwana a caji don ka ga rana kyauta ce,
cikin da ya cika, ƙari kumburi ne.
Kada ka haɗa ta aljihu da ƙusa da makullin babur,
fuskarta ba tafin hannunka ba ce
da ya saba da ƙotar fartanya.
Sa mata gilas, sa mata riga.
Ranar ban ruwa a fadama rataye ta a reshe,
ba ta iya iyo ba.
In wani ya kira da murya kamar zuma,
ya ce daga banki, ya nemi lambobin nan huɗu,
ce masa shanu sun shiga gona,
ka kashe.

Yana ta "to, to,"
amma kunnensa na wani gari.

Can ya ce, "Duk na ji.
Ni dai Zubairu ya ce ana ganin mutum a ciki.
An yi masa haihuwa a Fatakwal, wata uku ke nan,
sun sa wa yaron sunana,
ko tafin ƙafarsa ban gani ba."

Na bar wa ƙanena rumfa.
Sabis a garinmu yana da mazauni:
kan tudun bayan injin niƙa, kusa da suri,
nan ma sai ka ɗaga hannu
kamar mai roƙon ruwa.
Baffa ya hau yana haki, ya gyara hula,
ya kakkaɓe gaban riga
sai ka ce gaban alƙali za shi.

Ta yi ƙara, ta yi ƙara,
sai ga haƙoran Zubairu,
sai ga silin, sai ga bango,
sai ga wani ɗan dunƙulen mutum cikin tawul
ya buɗe baki zai yi hamma.

Nan hoton ya daskare.

Baffa ya tallafe ta da hannu biyu.
Ya yi sallama. Ya sake.
Ya ce, "Takwara, kunnen nan namu ne."
Murya ta tafi, data ta bi ta,
bakin yaron na nan a buɗe,
hammar ba ta ƙarasa ba.

Na kai hannu zan latsa,
ya janye.
"Bar shi, kada ka tashe shi."

Mun sauko magariba na kawo jiki.
Tsohuwar 'yar tocilarsa, mai ɗaure da kyauro,
ita ta haska mana hanya,
sabuwar kuwa tana ƙirjinsa, naɗe a hankici.

A bakin masallaci ya tsaya.
"Ɗan Tabawa, wanda ke ganin nan a cikin ukun,
wanne ne?
Nuna mini, in riƙa goge shi."