Tagar da Ba Ta Buɗewa

Shekara ashirin da shida ina sassaƙa ƙarya a Duluth,
ƙarya mai ladabi, wadda gaskiya ke zama a kanta.
Teburin nan da kuke gani ƙarfe shida na yamma
kuna rantsuwa dutse ne mai tsada,
katakon araha ne.
Ni na zana masa jijiyoyi da gashin agwagwa,
ɗaya bayan ɗaya, har ya ruɗi kyamara.

Bayan Lorraine Haugen akwai taga.
Iska ba ta taɓa shigowa ta nan ba.
Hoto ne: gadar ƙarfe, tafki, da jirgin dakon tama
da har yau bai ƙarasa shiga tasha ba.
Wata tsohuwa ta bugo waya cikin Janairu,
ta ce, "Ku rufe wa yarinyar nan taga, mura za ta kama ta."
Ranar da ƙyar hula ta shiga kaina.

Kyamara tana da kunya, ba ta leƙa ƙasan ƙugu.
Can ne Lorraine ke ɓoye takalmin ɗaki mai gashi,
da kwalbar ruwan zafi,
da tabon kofin da ya girmi ɗanta.

A kusurwa akwai bango kore fatau.
Gordon Sundqvist yana tsayawa gabansa
yana nuna hadarin da shi kansa ba ya gani,
makaho mai yi wa gari kwatancen hanya.
Ranar da ya ɗaura koren laktaye
ƙirjinsa ya huje,
tafki ya bayyana inda zuciya take.

Sai aka kawo Delfina Okerlund.
Ba ta riƙe guduma, haske take ferewa.
Ta ce shuɗi yana kwantar da hankalin mai kallo,
ja kuwa gishiri ne, in ya yi yawa miya ta ɓaci.
Manaja yana son ja kullum,
ko kyanwa ce ta maƙale a bishiya.
Na ɗauka ni da ita ba za mu sha inuwa ɗaya ba.

Akwai ɗan zirin da ke fitowa ƙasan allo
mai ɗaukar sunan mutum.
Harafi goma sha takwas yake ci, ba ƙari.
Daren da ƙanƙara ta tsage ƙarƙashin wani masunci
sunansa ya fi zirin tsawo:
Veikko Kangasniemi-Halvorson.
Aka ce, "Gutsure shi, saura minti huɗu."
Ba ta ɗago kai ba.
Ta ce, "Ya rasa rai, ba zai rasa rabin suna ba.
Uwarsa na kallo."
Ta ja zirin, ta ja,
har tambarin tashar ya faɗa bayan allo.
Daƙiƙa bakwai sunan ya tsaya cikakke.
Ina bayan labule, na ƙirga.

Gobe za a kawo bangon gilashi mai sauya fuska,
da safe birni, da dare taswira,
babu ƙusa, babu warin fenti.
Yau ni ke kwance abin da na ƙulla.
Kowace ƙusa na san ranar da na buga ta.
Lorraine ta zo ta kwashe takalmanta,
ta shafa teburin kamar mai sallamar tsohon maƙwabci.

Tagar na jingine ta bakin ƙofa, zan kai ta gareji.
Delfina ta tsaya a kanta, riƙe da kofi biyu.
Ta ce, "Arvo, ara mini jirgin nan.
A sabon bango zan iya sa shi ya motsa."

Na dubi jirgin, na dubi hannuwana.
Dusar ƙanƙara na sauka a waje, ta gaske,
ba wanda ya zaɓa mata launi.
Na ce, "To. Amma a hankali.
Ya daɗe a tsaye."