Gammon Bandeji

A Neltume ruwan sama ba ya neman izini.
Jiniya ta yi kuka wajen ƙarfe huɗu,
na bar ƙullin burodi yana tashi shi kaɗai,
na saɓa jar jakata.

Froilán ne, mai saran katako,
kwance a gangare cikin taɓo.
Itacen da ya kayar ya rama kafin ya mutu:
reshe mai kaurin ƙotar fartanya
ya shiga ta cinya, ya leƙo ta baya
kamar mai duba ko ruwa ya ɗauke.

Ɗansa Anselmo ya riga ya damƙi reshen da hannu biyu.
Na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa ɗan cikina ba.
Saki!
Ya dube ni kamar ni ce na soki ubansa.

Na sani, yaro. Ido yana cewa zare,
hanta tana cewa zare.
Amma baƙon da ya ɓalle ƙofar nan
shi ne ƙyauren yanzu.
Ka kore shi, jini ya bi sawunsa.

Babu abin al'ajabi a jakata.
Safar hannu. Almakashi mai lanƙwasasshen baki
da ya cinye wandon bai taɓa fata ba.
Auduga dami-dami.
Sai bandejin da nake naɗewa da dare ina jin rediyo,
ina murɗa shi zobe, kamar gammo.
Gammo na farko na zura ta kan reshen, ya zauna,
na ɗora na biyu, na uku,
na yi wa itacen da ya so kashe shi matashi
kamar jinjirin da ba a so ya farka.
Na kewaye da filasta, na ƙetare, na sake ƙetarewa.

Reshen ya fi ƙofar mota tsawo.
Riƙe nan, Anselmo, hannun da ya so ja
yanzu aikinsa kada ya motsa.
Ƙaramin zarto na ciro.
Kowane haƙorinsa sai ya bi ta cikin itace ya gaida ƙashi.
Froilán ya zagi dajin, ya zagi kakan dajin,
sannan ya tambaya ko an ɗauke injinsa daga ruwa.
Na ce mai tambayar inji bai shirya tafiya ba.

Na rufa masa bargon nan mai ƙyalli
da ke ƙara kamar ledar alewa.
Ya roƙi ruwa, na jiƙa masa leɓe kawai.

Hanyar Panguipulli duk rami ce.
Na ce wa Ulises: sannu ba ta hana zuwa.
Yatsuna biyu a kan ƙafar Froilán
suna sauraron ɗan gangan da ke bugawa can nesa.

A nan ne kullum Baba yake zuwa.
Ina shekara tara, ƙarfe ya tsinke a injin yanka, ya same shi a ciki.
Abokansa uku suka zare shi,
suna kuka, suna kiran sunansa.
Kafin a ɗaura wa shanu amalanke, ya yi sanyi.
Ban taɓa ganin laifinsu ba.
Ƙauna ce, ta rasa wanda zai ce mata dakata.

Likita ta karɓe shi da itacensa,
ta dubi naɗin, ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ya ishe ni.

Na dawo tsakar dare.
Ƙullin ya tumbatsa, ya gangaro kan tebur, ya yi tsami.
Ban kula shi ba tukuna.
Gammo uku suka fita daga jaka.
Na wanke hannu, na kunna rediyo,
na jawo bakin bandeji.