Saiwar Sarƙaƙiya

Hamajoda ya ba ni aron lambun nan
a bakin Binuwai, ƙasa da gadar Garwa,
bai karɓi ko dala ba.
Na yi ta godiya. Sai da na zo na gani
na gane dalilin kyautar: sarƙaƙiya.

Ran Talata na sare ta, na tara, na cinna wuta.
Toka ta kwanta luf, na ja fangali shida,
na dasa albasa.
Kwana tara, ga jajayen tsiro sun leƙo,
kowanne riƙe da 'yar ƙaya.

Ashe gashin kanta na ƙone.
Ita tana ƙasa, ta miƙe ƙafa, lafiya.

Na aro diga wajen Bakari maƙeri.
Saiwar fari ta kai kaurin damtsena.
Na bi ta taku huɗu, ta rabu biyu:
ta dama ta nutse ƙarƙashin hanyar ruwa,
ta hagu ta shige lambun maƙwabci ba sallama.
In na ja, ta ja.
Na tuɓe riga, na kama da hannu biyu, na yi bisimilla,
ta tsinke, na zauna daɓas cikin laka.
Yaran da ke wankin babur suka kwashe da dariya.

Da dare Asabe na cire min ƙaya da allura
a hasken tocila, tana ƙirge: goma sha ɗaya.
Ta ce, "Kan kayan aro kake shan wannan wuya?"
Na ce guntun da ka bari, ko kamar ɗan yatsa,
shi zai tashi baɗi ya ce gadonsa ne.
Ta ce to, in sun bushe a kawo mata,
itace ya yi tsada, kuma saiwa ba ta ƙin tukunya.

Wata uku. Buhu bakwai na kai kasuwar Pitowa.

Jiya Hamajoda ya zo, hannu a baya,
ya taka fangali, ya murza ƙasa, ya shinshina,
ya ce ɗansa na dawowa daga Ngawundare,
ba shi da abin yi.
Na ce Allah ya kawo shi lafiya.

Yau da asuba, a gindin shinge,
ga ɗan jan tsiro, raɓa a kansa.
Na sunkuya, na miƙa hannu,
sai na fasa.
Na ɗauki digar Bakari na kama hanya.